Tumakin Wels masu fitila: aikin kare ne ko aikin kwamfuta?

Auta: Salamu alaikum. Ga wani tsohon bidiyo da ya sake yawo, na 2009 ne, daga yankin Wels na Birtaniya. Bai kai minti uku ba. Makiyaya ne da karnukansu suka jera tumaki a jikin tsauni har suka fitar da siffar ƙatuwar tunkiya, kuma tana tafiya. Da dare ya yi aka ɗaura wa tumakin ƙananan fitilu a baya, aka yi wasan ƙwallo irin na tsohuwar kwamfuta, aka yi wasan wuta, har da shahararren zanen wata mata mai suna Mona Lisa. Na kalla ya fi sau goma.

Kawu: Wa alaikumus salam. Auta, wannan ƙarya ce tsagwaronta. Shekarata talatin ina bin dabba. Tunkiya ba ta jeruwa, kare kuwa in ya shiga garke tarwatsa shi yake yi. Daga farko har ƙarshe aikin kwamfuta ne.

Mai Kyamara: Kawu, kana da rabin gaskiya. Talla ce. Kamfanin Samsung ne ya biya don tallata talabijin ɗinsa mai fitilun LED, wani kamfanin talla na Landan mai suna The Viral Factory ya shirya. Su da bakinsu sun ce kwamfuta ta yi aiki ba kaɗan ba bayan an gama ɗauka, amma korar tumakin ta gaske ce. Ku lura da inda ƙatuwar tunkiyar take tafiya, an ƙara wa hoton gudu. Wasan wutar nan kuwa, duk wanda ya taɓa tace bidiyo zai ga hannun mai tacewa a ciki.

Kawu: To ai maganata ta fito. Ruwa ba ya tsami banza.

Dakta: Kawu, a yi mini afuwa, ba duka ta fito ba. Cewa ka yi kare ba ya tara tumaki, nan ne ban yarda ba. Wannan karen ba irin namu na farauta ba ne. Sunansa boda koli, kuma boda ɗin nan da ka sani ce, wato kan iyakar Ingila da Sukotilan, can ne tushensa. Yawancin na yau jinin wani kare ne mai suna Old Hemp, wanda aka haifa a 1893 a Northumberland da ke arewacin Ingila, a hannun wani makiyayi Adam Telfer. Abin da ya fitar da shi daban, ba ya aiki da hayaniya. Sai ya sunkuyar da kai, ya yi ƙasa da ƙirji kamar mai sanɗa, ya kafe tumakin da ido. Su kuma suna ganin haka sai su cure wuri guda, kowace tana neman tsakiya, don a ganinsu kyarkeci ne ya zo. Da wannan tsoron ake juya su. In karen ya matso taku biyu su ja baya, in ya kwanta su tsaya.

Kawu: Wa yake gaya masa inda zai kai su?

Dakta: Makiyayin, da fito. Akwai fiton zagaya ta hagu, akwai na dama, akwai na kwanta, akwai na matso a hankali, akwai na aiki ya ƙare ka dawo. Mutumin yana tsaye a gindin tsauni, karen yana can sama inda murya ba ta kaiwa. Kuma wannan ya girme wa bidiyo nesa ba kusa ba. Tun 1873 aka yi gasar karnukan kiwo a garin Bala, a Wels ɗin nan. A 1906 aka kafa ƙungiyar da ke rajistar karnukan da shirya gasar, BBC kuma ta fara nuna irin wannan gasa a talabijin a 1976. A zagayen ƙarshe na babbar gasarsu, kare zai yi gudun kusan yadi 800 ya kwaso tumaki goma, a sake tura shi wani ɓangaren ya kwaso wasu goma, ya haɗa su. Sannan shi da maigidansa su ware guda biyar masu alama a wuya daga cikin ashirin ɗin, su shigar da su ɗan shinge. A gaban alƙalai da 'yan kallo ake yi, da rana tsaka.

Kawu: Mu a nan makiyayi gaba yake shiga, dabba ta bi shi don ta san muryarsa. Ina da wata uda da in na kira ta daga bakin rafi sai ta ɗago kai ta amsa, sauran su biyo ta. Wannan yarda ce. Abin da kake faɗa kora ce da tsoro.

Dakta: Wannan gaskiya ne Kawu, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Su can tumakinsu sun ninka mutanen Wels kusan sau uku, kuma sakinsu ake yi a kan tsaunuka su yi watanni babu mai bin su. Ranar aski ko ranar magani, mutum ɗaya ba zai iya tattaro ɗaruruwa daga cikin duwatsu da ƙafarsa ba.

Malama: Ni ba gaskiyar hoton ce ta dame ni ba. Dakta, kai da kanka ka ce da tsoro ake juya su. In don aski ne ko magani, lalura ce. Amma a hana dabba kwanciya da dare, a ɗaura mata fitila, a yi ta kai ta ana dawo da ita don a sayar da talabijin? Dabba tana da haƙƙi a kanmu. Raina bai kwanta da wannan ba.

Dakta: Malama, damuwarki tana kan hanya. Tunkiya mai ciki in aka firgita ta da gudu tana iya ɓari, shi ya sa manoman Birtaniya suke kuka da karnukan 'yan yawon shan iska. Sai dai horarren kare akasin haka yake yi. A gasa, wanda ya sa tumaki gudun fitar hankali maki yake rasawa, wanda ya ciji tunkiya ba dalili kuma fitar da shi ake yi. Tumakin da suka saba da kare tafiya suke yi a gabansa, wata ma tana tsayawa ta ɗan ci ciyawa.

Malama: Na ji na karen. Na daren da fitilun ban sauka ba.

Malam: Don kada wani ya ɗauka maganar kare ce matsalar: hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa an yi rangwame a kan ajiye karen kiwo da na farauta da na gona. Abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda aka shirya abin kamar wasu manoma ne suka yi don nishaɗinsu, sunan kamfanin kuwa ba a fito da shi ɓaro-ɓaro ba. Mutane da yawa sun tura wa 'yan uwansu ba su san talla suke yi wa wani kyauta ba.

Auta: Allah ya gafarta Malam, ni ma sai yau na sani. Amma da ba don bidiyon ba, ina zan ji labarin gasar Bala?

Mai Kyamara: Kawu, ka bar na fitilun. Ka nemi bidiyon gasar kanta, wanda kyamara ɗaya ta ɗauka ba yanka. Ka sa ido a wurin warewar nan, lokacin da mutumin ya buɗe 'yar kafa a tsakiyar garken, karen ya faɗo ciki kamar kibiya ya tsaya cak, waɗanda ake so su rage a gefe ɗaya.

Kawu: Hoton matar nan da wasan wutar har gobe ban yarda da su ba. Amma in har akwai karen da zai ware mini biyar daga cikin ashirin bai taɓa ko ɗaya da haƙori ba, ina so in gani da idona. Auta, ka nemo shi ka zo da wayarka bayan la'asar, tawa ba ta buɗe bidiyo mai tsawo.

Auta: To Kawu, in sha Allahu ina nan tafe.