Mai ɗakina na wankan jego a Maraɗi, in ɗauko ta ko in bari? (Hirar Agustan 2023)

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san hanya. Mai ɗakina 'yar Maraɗi ce, ta tafi gida haihuwar fari bayan Babbar Sallah. Ta sauka ranar 22 ga Yulin 2023, kwana 4 kafin sojoji su tsare Bazoum shugaban Nijar, aka rufe iyaka, ko suna ban samu zuwa ba, a waya na ji an raɗa. Aiki aka yi mata, ɗinkin bai gama kamewa ba, arba'in kuma sai ƙarshen Agusta. Shekaranjiya shugabannin ECOWAS sun zauna a Abuja sun ce dakaru su ɗaura ɗamara saboda juyin mulkin Nijar. In lallaɓa in ɗauko ta da jaririyar tun ba a fara ba, ko in bar ta? Surukata ta ce ba inda mai jego za ta.

Na Magama:
Abu mai sauƙi. Ka zo Jibiya, yaran acaɓa za su bi da kai ta gonaki su sauke ka kusa da Ɗan Isa. Dubu biyar ne.

Direban Daf:
Dubu biyar a wace shekara? Ran Laraba yaron motata ya biya dubu goma sha biyu, ban da na masu shinge. Mu nan motocinmu sun yi mako biyu a layi, albasa na ruɓewa a ciki.

Na Magama:
An ga baƙo ne aka yanke shi. Ɗan gari ba ya wuce bakwai.

Maman Khalifa:
Yanzu biyar ta zama bakwai ke nan. Wai kun karanta abin da ya rubuta kuwa? Mace da ɗinki a ciki, da jinjirar mako uku, za a ɗora a babur cikin damina a bi gonar gero? Ɗana, ka saurari surukarka.

Ɗalibin Lauya:
Ni ina ganin yaƙin ma da wuya. Sashe na 5 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce shugaban ƙasa ba zai tura soja fagen fama a waje ba sai da yardar Majalisar Dattawa. Tinubu ya rubuta musu, ranar 5 ga Agusta suka ce a bi hanyar sulhu. Sanatocin Arewa ma sun riga kowa ƙi, don jihohi 7 ne ke jingine da Nijar, daga Kebbi har Borno. Wa'adin mako guda da ECOWAS ta ba sojojin Nijar ya cika ran 6, ba a yi komai ba. Sai dai akwai 'yar ƙofa a sashen: idan ya ga tsaron ƙasa na cikin haɗari yana iya turawa, ya nemi izini cikin kwana 7.

Tsohon Kofur:
Yaro, ka ajiye littafin nan. Ni an kai ni. A 1990 lokacin Babangida aka loda mu a jirgin ruwa zuwa Laberiya, ba wanda ya tambayi uwata ko matata, ba majalisa ba komai. Cewa aka yi raba faɗa za mu je, ba za mu daɗe ba. Tun kafin mu gama sauka a tashar Monrobiya ake mana ruwan wuta. Akwai abokina da muke cin abinci a kwano ɗaya, mutumin ƙasar Gumel, shi ma ya baro mata da ciki. Kullum yana ɗauke da ɗan ƙyallen zanenta a aljihun gaba. Da hannuna na rufe masa ido, a can muka binne shi. Da na dawo na je gaisuwa, wallahi na tarar ba a sanar da su ba, matar ta fito da yaro a goye tana tambayata yaushe rukuninsu zai iso. Ni na faɗa mata. Haƙƙinsa kuwa, shekara nawa tsohonsa na hawa mota zuwa wani ofishi, yau fayil ya ɓata, gobe oga ba ya nan, har ya rasu. Ni kaina da ɗingishi na dawo. Duk mai zumuɗin a shiga Nijar ya fara kawo ɗansa na fari, sai mu yi magana.

Maman Khalifa:
Innalillahi. Allah ya jiƙansa, Baba. Yaron yana raye?

Tsohon Kofur:
Yana nan, faci yake yi a bakin titi. Bai taɓa ganin ko hoton kabarin ba.

Sadauki:
Baba, da girmanka, amma ba kowane shiga ne Laberiya ba. A 2017 an tura dakaru Gambiya, Jammeh ya tattara ya tafi ba a gwabza ba. Juyin mulki a Mali, Gini, Burkina Faso, yanzu Nijar. In aka zuba ido, gobe wa ya sani?

Ba'are:
Malam, Gambiya mi ta haɗa da ku? Mu nan abin da kuke kira iyaka, gonar kakana ya ratsa. In Sedeyawo, wadda kuke ce ma ECOWAS, ta harbo Maraɗi, Katsinawa ta kashe, sarkinmu ma Sarkin Katsinan Maraɗi ake ce mishi. Ni ban zaɓi soja ba, Bazoum na jefa ma ƙuri'a, amma ranar da aka ce za a kawo muna yaƙi kowa ya koma bayan Tchiani, janar ɗin da ya karɓe mulki. Ɗan Kwari, garin lahiya lau, tsada ce kawai da duhu. Ka aiko musu kuɗi, a Agustan nan na 2023 jika guda ta sefa tana naira 1,300.

Direban Daf:
1,500 na canza jiya.

Ba'are:
To kai ma an ga baƙo.

Na Magama:
Shi Sadauki daga ina yake magana ne? Na ga kwanaki yana kukan sanyin Ingila.

Sadauki:
Zama a waje bai cire ni daga ɗan ƙasa ba. Ƙanwata a Illela take aure.

Tsohon Kofur:
To kira ta ka tambaye ta ra'ayinta, ka dawo ka gaya mana.

Ɗalibin Lauya:
Ai ra'ayin jama'a na aiki. Abdulsalami da Sarkin Musulmi sun je ba su ga Tchiani ba, Sanusi ya je ya gan shi, yanzu ga malamai sun ɗauki hanya. Ba a aika malamai inda aka gama yanke shawarar harbi.

Gwanin Shayi:
Ni abin da ya ɗaure min kai, an ce an yanke wa Nijar wuta don horo. To mu a Kurna kwana tara ba mu ga ƙyallinta ba, wa muka yi wa juyin mulki?

Ba'are:
Ku zo mu koya muku haƙuri, mu sabbin shiga ne amma mun iya.

Maman Khalifa:
Kuma wutar da aka hana su ina ta tafi? Na ɗauka za a juyo mana da ita. Kuɗin wata kuwa an kawo min cif, har da ƙari.

Direban Daf:
Hajiya bar zancen wuta. Fetur da muke sha ƙasa da 200 kafin 29 ga Mayun 2023, zuwa Agusta ya haura 600. Wanda bai iya cika tankin Keke Napep ba, da me zai cika na tankar yaƙi?

Gwanin Shayi:
650 na saya a bakin hanya, kuma rabi kananzir ne, janareto sai tari yake.

Ɗan Kwari:
Jama'a na gode, amma har yanzu ban ji ba. In tafi ni kaɗai in gan su in dawo, ko in zauna?

Gwanin Shayi:
In za ka, don Allah duba min ko ana samun ƙaramar sola da araha a can.