Neman Shawara Kan Haɗa Harsashin .300 Winchester Magnum Don Farautar Elk

Baban Usman, Aidaho:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan fanni. Ina da bindigar farauta mai cin harsashin .300 Winchester Magnum, tsawon bututunta inci 24, kuma na samu izinin farautar elk, babbar barewar tsaunukan nan na Amurka, a watan Oktoba. Harsashin kanti mai dalma giren 180 (giren ƙaramin ma'aunin nauyi ne da ake auna dalma da albarushi da shi) yana warwatsuwa kusan inci biyu a nisan yadi 100, abin da bai kwanta mini a rai ba, domin inda za mu je dabbar takan tsaya a yadi 300 ko fiye, kuma ba na so in raunata ta ta gudu ta mutu a wahale. Wata uku ke nan da na sayi injin matsa da sikeli na fara cika kwansona da kaina. Matsalar ita ce, yau harbi uku su haɗu wuri guda kamar an ɗinke su, jibi kuma da albarushi iri ɗaya da dalma iri ɗaya su watse. Ina ne nake kuskure?

Alhaji na Montana:
Wa alaikumus salam, Baban Usman. Kafin komai, wane albarushi kake zubawa, kuma daga wane littafi ka ɗauko awonsa? Ina tambaya ne saboda na ga mutane da yawa suna kwafo awo daga bakin abokai, alhali kowace bindiga da cikinta. Awon da za ka fara da shi ya fito daga littafin kamfanin da ya yi dalmar ko albarushin, irin su Hodgdon, Nosler ko Hornady, kuma ka fara daga mafi ƙarancin abin da suka rubuta, kana ƙara rabin giren a kowane mataki. Kada ka wuce iyakar sama, kada kuma ka sauka ƙasa da awon farawa, domin albarushi mai ci a hankali idan ya yi kaɗan a cikin babban kwanso yakan yi tashin da ba a iya hasashensa.

Wannan kwanson yana son albarushi mai ci a hankali. Ni H1000 nake amfani da shi shekara da shekaru, H4831 ma yana da kyau ga dalma giren 180. Dalilina shi ne yanayi. Za ka gwada harsashinka a zafin Agusta, ka yi farauta da shi a sanyin Oktoba, wataƙila cikin ƙanƙara, kuma waɗannan biyun ba sa sauya hali sosai tsakanin zafi da sanyi. Reloder 22 yana ba da gudu mai kyau, amma an san shi da bin yanayi. Ƙyastun gindin kwanso kuwa, wato ɗan abin da ke kunna albarushin idan an buge shi, ka sa na magnum, kamar Federal 215, saboda albarushin yana da yawa kuma sanyi yana sa ya yi nauyin kamawa.

Iyakar matsin da SAAMI, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin bindigogi da harsasai a Amurka, ta sa wa wannan harsashi ita ce fam 64,000 a kan kowane inci murabba'i, kuma babu ɗayanmu da ke da na'urar auna shi a gida. Abin da muke da shi alamu ne: sakatar bindiga ta yi tauri wajen ɗagawa, ko ka ga tabo mai sheƙi a gindin kwanson, ko ƙyastun ya baje. Da ka ga ɗaya, ka tsaya, ka koma baya. Sau da yawa kafin alamar ta fito an riga an ƙetare iyaka.

Baban Usman, Aidaho:
Na gode, Alhaji. H4831 nake zubawa, daga littafin Nosler, kuma ina tsakiyar awon ne, ban kusa da sama ba.

Malam Injiniya, Teksas:
Da izinin Alhaji, ni ina ganin ba lallai ne harsashin ne ke sauyawa ba. Harbi uku ba su isa shaida ba. Bindigar da ainihin iyawarta inci ɗaya da rabi ne, wata rana za ta ba ka rabin inci da harbi uku, wata rana ta ba ka inci biyu, duk da cewa babu abin da ya canja sai sa'a. Mutum sai ya ga ta ranar farko ya ce ya gano sirri, ya ga ta biyu ya ce abu ya lalace. Wannan ne ma ya sa ba na ba da gaskiya sosai ga gwajin tsani, wanda ake harba harsashi ɗaya tak a kowane awo ana neman inda suka taru. Na yi shi sau biyu da bindiga ɗaya, na samu amsa biyu mabambanta.

Abin da nake yi yanzu shi ne, in zaɓi awo biyu ko uku da ba su nuna alamar matsi ba, in harba kowanne har goma ko goma sha biyar a kan takarda ɗaya, ko da zai ɗauke ni kwana uku. Bututun bindigar farauta siriri ne, magnum kuma tana ƙona albarushi mai yawa, saboda haka bayan harbi uku ya yi zafin da zai fara karkatar da dalma. Ka bari ya huce har ka iya riƙe shi da hannu ba tare da ka ji ƙuna ba. Harbin farko daga bututu mai sanyi ka yi masa alama daban, domin shi ne za ka yi a kan elk ɗin.

Ka nemi na'urar auna gudun harsashi, ko aro ne; Garmin Xero da LabRadar duk suna aiki. Kamfanoni kan rubuta ƙafa 2,960 a daƙiƙa ga dalma giren 180. Idan naka ya zarce abin da littafi ya nuna a awon ƙarshe, to matsin ma ya zarce, ko da sakatar tana buɗewa lafiya.

Baban Hauwa, Limpopo:
Sannunku da ƙoƙari. Ni zan yi magana a kan kwanso, domin nan ne na sha wuya. Ɗamarar da ke gindin wannan kwanson gado ce daga .375 H&H na 1912, kuma .300 Winchester Magnum da ya fito a 1963 ya taho da ita. A sabon kwanso, ɗamarar ce ke tsayar da shi a cikin bindiga, saboda haka sau da yawa akwai sarari tsakanin kafaɗarsa da bangon ɗakin harsashi. Harbin farko ya miƙa shi ya cike wannan sarari. Idan ka murɗa mazubin gyara, wato ƙarfen da ke matse kwanson da aka harba ya koma girmansa, har ƙasa ka mayar da kafaɗar inda take tun asali, to kowane harbi sai ya sake miƙewa, tagullar tana sirancewa a saman ɗamarar. Na taɓa ciro gindin kwanso a hannuna, sauran ya maƙale a ciki, a cikawa ta huɗu kacal, kuma laifina ne.

Maganin shi ne ka auna kwanson da aka harba, ka tura kafaɗar baya da inci 0.002 kawai. Haka zai riƙa zama daidai a kowane lokaci, ya kuma daɗe. Ka lanƙwasa bakin siririyar waya ka riƙa shafa cikin kwanson da ita. Idan ta maƙale a wani rami kusa da gindi, ka jefar da shi. Kada kuma ka gauraya kwanson kamfanoni daban, domin faɗin cikinsu ba ɗaya ba ne, kuma awon da ya yi lafiya a wani yana iya yin yawa a wani. Mu nan Afirka ta Kudu da muke yawan samun albarushin Somchem, kowane sabon gwangwani sai mun ɗan koma baya mun sake hawa.

Mai Kula da Zaure:
Tunatarwa ga 'yan'uwa da ke karantawa daga gida: masu wannan tattaunawa suna zaune ne a ƙasashen da doka ta yarda mai lasisi ya cika harsashinsa. A Nijeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta haramta ƙera harsashi ba da izini ba.

Alhaji na Montana:
Malam Injiniya ya faɗi gaskiya a kan yawan harbi, ko da yake ni har yanzu ina amfani da tsani don in gano inda matsi ya fara, sannan in sauka giren ɗaya. Saura batun dalma. Elk dabba ce mai ƙashi da kauri, dalmar harbin takarda tana iya tarwatsewa a kafaɗarta. Nosler Partition tun 1948 take aiki, amma ba kowane bututu ne ke tara ta sosai ba. AccuBond ta fi yi mini daidai. Idan kana tunanin zuwa Kalifoniya wata rana, ka sani tun Yulin 2019 an hana farauta a can da kan harsashin da aka yi da ƙarfen dalma, sai na jan ƙarfe zalla irin Barnes TTSX, wanda kamfanin ke ba da shawarar a fara shi da tazarar inci 0.050 daga inda tsagin cikin bututu, mai sa dalma ta juya, ya fara.

Zurfin dasa dalmar shi ne abu na ƙarshe da za ka taɓa, bayan ka tsayar da awon albarushi. A bindigar farauta kada ka bari ta cije tsagin. Matsi yana hawa, sannan idan ka buɗe sakata ba ka harba ba, dalmar tana iya maƙalewa, albarushi ya zube cikin bindigar kana tsakiyar daji. Ka tabbata kowane harsashi yana shiga gidansa yana fita salin-alin, musamman da yake wuyan wannan kwanson gajere ne, bai kai faɗin dalmar ba.

Baban Usman, Aidaho:
Allah ya saka muku da alheri. Jiya na bi kwansona da waya kamar yadda Baban Hauwa ya ce, na fitar da guda shida daga cikin hamsin, kuma na ga ashe na kamfani biyu ne a gauraye. Na kuma tarar da kusoshi biyu na mariƙin madubin saiti sun yi sako-sako, na ɗaure su daidai awon da kamfanin ya rubuta. Na sayi sabon kwanso ɗari na kamfani ɗaya, zan sake farawa daga awon ƙasa da H4831 da AccuBond giren 180, harbi goma-goma a awo uku, da sassafe kafin rana ta yi zafi. Malam Injiniya, idan na tsayar da ɗaya a yadi 100, harbi nawa kake ganin zan yi a yadi 300 kafin in amince da shi?