Wai duk SS ɗaya ne?

Nas: Jama'a, abin nan yana ci min tuwo a ƙwarya. Yara biyu uwa ɗaya uba ɗaya, duk SS, ɗaya kullum ƙarin jini, ɗaya sai ya shekara bai kwanta ba, sai dangi su ce jifa aka yi wa na farkon. Ba jifa ba ne. Sikila kuskuren harafi ɗaya ce a DNA, amma tsananinta yana hannun wasu ƙwayoyin gado daban. Sai yaushe za mu fara faɗa wa iyaye haka?

Ustaz: Hajiya, kuskure kuma? A halittar Ubangiji? Ki gyara lafazinki.

Mai Lab: Malam, ba ta taɓa aƙida ba. Kafin ƙwayar halitta ta rabu biyu sai ta kwafe haruffan DNA ɗinta kaf. Wasu sunadarai ne suke aikin: helikes ya warware igiyar gida biyu, firaimes ya sa ɗan kan zare, folimares ya bi yana jera haruffa, A da T, G da C. Gefe ɗaya kawai yake iya tafiya, shi ya sa ɗaya silin ake yinsa guntu-guntu, haruffa 100 zuwa 200, laiges ya zo ya liƙe. Folimares yakan sa harafin da ba shi ba kamar sau ɗaya cikin 100,000, ya ja baya ya cire da kansa, wasu sunadaran su bi su tsince ragowar, har ya koma kamar ɗaya cikin biliyan. Wanda ya tsallake duk wannan me za a kira shi?

Malamin Bayoloji: Ni ma ban yarda da kalmar ba, amma ba don dalilin Ustaz ba. In ka ce kuskuren kwafi, uwa za ta ɗauka a cikinta abin ya faru. Alhali jerin haruffan GAG ya koma GTG ne shekaru dubbai da suka wuce, a gurbi na 6 na ƙwayar gado ta HBB, a kuromozom (ƙunshin DNA) na 11, ake ta gadonsa daidai-wa-daida. Kuma tun 1954 wani mai bincike, Allison, ya nuna AS yana kare yara daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Abin da ya raya kakanninmu ne kuskure?

Mai Lab: Je ka faɗa wa mai SS cikin ciwon ƙashi cewa ba kuskure ba ne.

Ustaz: Ku dai ce jarrabawa, a wuce wurin.

Dakta: Kun bar maganar Hajiya. Jariri SS lafiya lau yake har wajen wata 6, saboda himogilobin (sinadarin jini mai ɗaukar iska) nau'in F, wanda ya zo da shi daga ciki, ba ya barin nau'in S na sikila ya sarƙe. Ƙwayar gado ta BCL11A da ke kuromozom na 2 ce take kashe F ɗin bayan haihuwa. Wanda ya gaji mai rauninta F ɗinsa ba ya sauka sosai, ciwonsa da sauƙi. Ga kuma ƙwayoyin gado na alfa, masu yin wani sashe na himogilobin, guda 4 a kuromozom na 16. Rasa ɗaya ko biyu yana rage fashewar jini da haɗarin shanyewar ɓarin jiki, amma jinin ya fi kauri, ciwon ƙashi bai zama dole ya ragu ba. Kowanne dabam ake gadonsa, shi ya sa wa da ƙani suke bambanta. Matsalarmu dai sakamakon lab ne, yau AA gobe AS.

Mai Lab: Ranka ya daɗe, da ma nan ka nufa. Wa yake turo mana jinin wanda aka yi wa ƙarin jini sati biyu da suka wuce ba tare da ya rubuta a takarda ba? Sai an jira wata 3. Kuma a gwajin lantarki na yau da kullum himogilobin nau'in D da G layi ɗaya suke tsayawa da S. Ku rubuta HPLC mana, gwajin da ya fi tantance su, in kuna shakka.

Dakta: Wanda ya sayar da akuya ya zo asibiti zan rubuta wa HPLC?

Famasis: Haidiroksiyuriya ma, maganin da ake ba masu sikila, ai kwafin DNA take takawa birki, tana rage haruffan da folimares zai ɗauka, a nan F yake tashi. Shi ya sa dole a riƙa ƙirga jini, fararen ƙwayoyi suna iya faɗuwa. Amma sai a rubuta magani a sallami mutum ba ranar dawowa.

Dakta: To, an taru a kan likita ke nan.

Nas: Ni fa tambayata yadda za a yi wa iyaye bayani ce.

Ustaz: Har yanzu ba ki janye kalmar ba, Hajiya.

Admin: A tsaya haka. Abin da na fahimta: kalmar kuskure tana nan, Mai Lab ya kawo lissafi, babu wanda ya kawo nasa. Ruɗanin sakamako daga masu cike takarda yake, ba daga bencin lab ba, mu da muke kan bencin mun sani. Maganar kuromozom na 2 da na 16 Dakta ya buɗe mata zaure daban in yana so. Na rufe sharhi zuwa bayan Isha.