Gudu na ya tsaya wuri ɗaya, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman likitoci da masu horar da 'yan wasa. Shekaruna 34. Wata biyar ke nan ina gudun kilomita 5 bayan sallar Asuba, sau biyar a mako, saboda hawan jini ya yi yawa a danginmu.

Da farko abin ya yi daɗi. Ciwon cinya da ke tasowa kwana biyu bayan gudu ya daina a mako na uku, bugun zuciyata lokacin hutu ya sauko daga 82 zuwa 66 a minti, abin da na fahimta alama ce zuciya tana tura jini mai yawa a kowane bugu. Lokacin da nake ɗauka ya ragu daga minti 41 zuwa 31.

To, nan ya tsaya cak. Wata biyu ko daƙiƙa ban rage ba. Na ƙara kwanaki zuwa shida, sai ƙafafu suka yi nauyi, barci ya lalace, bugun safe ya koma 73. Wannan ne ya fi damuna, domin na san tsoka a lokacin hutu take ginuwa, amma ina tsoron in rage gudu in koma gidan jiya. Ga ƙurar hunturu tana sa ni tari.

Shin gajiya ce ta taru, in huta mako guda? Ko in riƙa haɗa gudu mai sauri da na sassarfa? Kuma azumin Litinin da Alhamis da nake yi yana da hannu a ciki?