Maganin ne ba ya kaiwa huhun Mama, ko ni ce na yi garaje?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle. Mahaifiyata ce, shekararta 63. Ta yi tarin fuka, wato tibi, shekara tara da suka wuce, ta sha magani wata shida cif, ni nake raka ta karɓowa, lokacin ma ina da tsohon ciki, yayyena maza babu wanda ya leƙo, amma a bar wannan zancen. An ce ta warke, sai dai tari bai rabu da ita ba. Kullum da asuba sai ta kusa cika rabin kofi da kaki, wani lokacin kore shar. Da aka ɗauki hoton ƙirji likita ya ce tibin ya bar tabo, hanyoyin iskar huhun sun buɗe sun saki, kaki na kwanciya a ciki. Gwajin kaki ya nuna ƙwayar cuta mai suna Sudomonas, ya rubuta maganin sha Cipro na kwana 14. Na roƙe shi allura, ya ƙi. Kwana biyar ban ga sauƙi ba, na tsayar, na samu wanda ya yi mata allurar jentamaisin kwana huɗu. Tarin na nan, jiya kuma ta ce kunnenta na ƙara. Ya zan yi?

Wata mamba: Allah ya ba Mama lafiya. Ni ban ga laifinki ba wallahi. Haka aka yi ta ba maigidana ƙwayoyi wata guda, likitan ko ɗago kai ba ya yi in ina magana. Allura dai ta fi saurin bin jiki.

Mai harhaɗa magunguna: 'Yar'uwa, ki tsayar da allurar nan yau, ki mayar da Mama asibiti, ki faɗi adadin da aka yi mata ba ɓoye-ɓoye. Jentamaisin na taɓa kunne da ƙoda, kuma jin da ya lalata sau da yawa ba ya dawowa. A duba ƙodarta.

Shigar magani jini daban, isarsa inda cutar take daban. Ƙwayar cutar Mama tana kwance cikin kakin da ke cikin hanyoyin iska, sai magani ya ratsa bangon jijiya da na hanyar iskar kafin ya same ta. Jentamaisin kaɗan ne daga cikinsa ke ratsawa, kaɗan ɗin ma tsamin mugunya da kaurin kaki suna rage masa ƙarfi. Shi kuwa Cipro, kusan kashi 70 cikin 100 na abin da aka haɗiya yana shiga jini, kuma yana shiga naman huhu sosai. Wato kin ajiye mai isa kin ɗauko wanda ba ya isa. Tambaya ɗaya: tana shan maganin ƙarin jini ko na gyambon ciki?

Mai tambaya: Malam, tana shan na ƙarin jini safe da yamma, duk tare nake ba ta a tafin hannu. Amma ba ka ga halin da take ciki ba. A zaune take kwana. Uwa ce fa, ba zan zuba ido har kwana 14 ba.

Mai harhaɗa magunguna: To ga shi nan. Sinadarin ƙarfe da ke cikin maganin jini yana kama Cipro tun a hanji ya hana shi shiga jini, haka madara da maganin gyambon ciki na ruwa. Ana shan Cipro awa 2 kafin su, ko awa 6 bayan su. Mai yiwuwa maganin bai ma samu damar aiki ba.

Wani mamba: Ku daina wahalar da tsohuwa. Azitromaisin kwana uku ya raba ni da tarin da na yi wata biyu ina yi.

Mai harhaɗa magunguna: Naka ciwon ba nata ba ne, ɗan'uwa. Azitromaisin na taruwa a huhu da kyau, amma kwana uku ba ya kashe Sudomonas, kuma shi ma yana iya taɓa ji.

Uwar mai asma: Me zai hana a sa maganin a injin shaƙa? Ai kai tsaye zai shiga. Ina da na ɗiyata in kina so, da ƙyar ma na samu ubanta ya saya.

Mai harhaɗa magunguna: Akwai na shaƙa, kamar tobramaisin, ana yin kwana 28 a huta 28, kuma don wannan matsalar ta rashin isa aka yi shi. Amma likita ke yanke wa, shaƙar farko ma a gabansa ake yi, don yana iya toshe ƙirji. Kuma in ba a koya wa Mama fitar da kaki ba, ƙwayar cutar na lulluɓe kanta da yauƙi, magani ya yi ta wucewa ta sama.

Wani dattijo: 'Yata, an sake gwajin tibi kuwa? Cipro na iya lafar da shi ya ɓoye.

Mai tambaya: Baba, ban sani ba ko sun haɗa da shi. Ni dai ba zan koma wurin likitan nan ba, faɗa zai yi mini. Saura allura ɗaya a cikin biyar ɗin, in bari a ƙarasa ko kuwa?