Man Bonga: na wa ne, tunda yashin daga sama ya gangaro?

Ɗan Funtua: Jama'a, ina nan kan bakana. Man da ake haƙowa a Bonga, filin man nan da ke cikin teku daura da Neja Delta, namu ne mu 'yan Arewa kamar yadda yake na kowa, kai, har mun fi wasu haƙƙi. Marigayi Dokta Bala Usman ya daɗe da faɗa: lakar da ta gina Neja Delta, kogin Kwara da Binuwai ne suka kwaso ta daga can cikin ƙasa. Ƙasarmu ce ruwa ya zaizaye ya kai teku.

Injiniya: Malam, rabin maganarka gaskiya ce, rabin kuma ka ƙara mata gishiri. Yashin da man yake kwance a cikinsa koguna ne suka kawo shi, wannan ba musu. Yana taruwa a bakin teku, in ya yi nauyi sai ya ɓalle ya gangara can ƙasan ruwa kamar zaftarewar gaɓar kogi, ya bi kwazazzabai ya baje. Irin wannan yashin ake huda a Bonga. Amma yashi randa ce kawai, ba shi ne ruwan ba. Shi man, a cikin wata baƙar laka ya nuna, wadda masana ke kira Akata, a ƙarƙashin yashin. Ƙananan halittun teku da ragowar tsirrai ne suka binne a cikinta, zafi da nauyi suka dafa su na miliyoyin shekaru, sannan man ya tsattsafo sama ya shige yashin.

Ɗan Funtua: To ai ka faɗa da bakinka, Injiniya. Randar tamu ce.

Ɗan Maraɗi: In haka ne mu ma a ajiye mana namu kaso. Kwara daga tsaunukan Gini ya taso, ya ratsa Mali, ya wuce ta Yamai kafin ya iso gare ku. Binuwai kuma daga Kamaru. Yashin wa za a tace a ce wannan na Katsina ne?

Hajiya Malama: Ɗan Maraɗi ya kashe bakin tsanya. Ƙanena na Funtua, lokacin da yashin nan ke gangara ko ɗan Adam babu a duniya, balle Arewa da Kudu. Ni abin da ke ba ni mamaki shi ne kana neman hujja a ƙarƙashin ƙasa alhali doka ta riga ta ba ka. Tsarin mulkin 1999 ya ce ma'adinai na Gwamnatin Tarayya ne. A 2002 Kotun Ƙoli ta yanke cewa iyakar jihohin gaɓa tana tsayawa ne inda ruwa ke janyewa. Da rigima ta yi zafi, a 2004 aka yi dokar sulhu: rijiyar da ke cikin ruwan da bai wuce zurfin mita 200 ba, a lissafa ta cikin kashi 13 cikin 100 na kuɗin mai da ake ware wa jihar da ake haƙo shi, wato jihar da ke kusa. Bonga kuwa tana da nisan kusan kilomita 120 daga gaɓa, ruwan wurin ya haura mita 1,000. Ba jihar da ke karɓar kashi 13 a kanta.

Baba Tsoho: 'Ya'yana, kuna faɗa kan gado ba ku tambayi nawa ya rage a tukunya ba.

Injiniya: Baba, nan ne ciwon yake. A 1993 aka ƙulla yarjejeniyar raba ganga da kamfanoni, lokacin mai ba daraja, kuma ba wanda ya tabbatar akwai wani abu a can. Don a jawo su, aka ce rijiyar da ta wuce zurfin mita 1,000 ba za ta biya kason da gwamnati ke cira tun daga bakin rijiya ba. Ko kwabo. Shell ta fara fitar da mai a Bonga a Nuwambar 2005, da wani ƙaton jirgi da ke ɗaure wuri guda: shi ke zuƙo man, ya raba shi da ruwa da iskar gas, ya adana ganga miliyan 2 a cikinsa har jirgin dako ya zo. Ƙarfinsa ganga 225,000 a rana. Dokar da ta tabbatar da yarjejeniyar ta ce a sake zama in farashin ganga ya haura dala 20, farashi ya haura har 100, ba a zauna ba. Sai a 2019 Buhari ya sa hannu aka sanya kason bakin rijiya ya zama kashi 10 cikin 100.

Ɗan Funtua: Shekara 14 ke nan ana ɗiba haka?

Injiniya: Ana biyan haraji, NNPC ma na karɓar nata kason ribar, kada a ce na ce kyauta aka ɗiba. Amma wancan kason na bakin rijiya, kusan babu. Zuwa 2023 Bonga ta cika ganga biliyan 1.

Hajiya Malama: Kuma da mai ya malala a Disambar 2011, wajen ganga 40,000, ba mai kamun kifi a Funtua da ragarsa ta ɓaci. Masuntan gaɓa ne suka kwana da abin. Wanda ke son randa ya kamata ya so wankinta.

Ɗan Funtua: Hajiya, wannan na karɓa, kuma Allah ya mayar musu da alheri. Maganar yashi dai ban janye ba.

Ɗan Maraɗi: To ka riƙe, amma in za a raba ka tuna da mu.