Mayar da fayil ɗin .class zuwa rubutun Java: abin da aka tattauna

Tambayar ita ce: idan rubutun manhaja ya ɓace, sai fayil ɗin .jar kawai ya rage (wato ƙunshin fayilolin .class, waɗanda su ne rubutun Java bayan an harhaɗa shi), ta yaya za a dawo da shi daga layin umarni?

Shawarar farko, a fara leƙawa da javap, wanda ke zuwa tare da JDK, wato kayan aikin haɗa manhajar Java. `javap -c -p` yana nuna baitkod ɗin ɗanye, wato umarnin da injin Java ke gudanarwa, ba ya mayar da shi Java. Amfaninsa na gaske yana wurin `javap -v`, domin nan za ka ga lambar sigar fayil: 52 na nufin Java 8, 61 kuma Java 17. Da wannan za ka san kayan aikin da zai iya.

Cikin kayan aikin da ke mayar da .class zuwa Java, yawancin masu tattaunawar sun fi karkata ga CFR: `java -jar cfr.jar manhaja.jar --outputdir fita`. Wasu sun ambaci Procyon da Fernflower, wanda ke cikin IntelliJ IDEA, wata manhajar rubuta Java. Tsohon JAD kuwa kowa ya ce a bar shi ya huta. Bai san lambda ba, wato gajeren salon rubuta aiki da ya zo tare da Java 8 a 2014.

Abin da aka fi jan kunne a kai, kuma ni ma nan na fi tsayawa, shi ne bayanan da marubuci ya sa a gefe (comments) sun tafi har abada. Sunayen masu canji (variables) na cikin aiki ma ba sa dawowa sai an harhaɗa da `-g`. In an bi ta ProGuard, kayan aikin da ke ɓoye sunaye, a, b, c kawai za ka tarar a madadinsu. Idan sakamakon ya ƙi harhaɗuwa, gwada wani kayan ka kwatanta biyun.

Na Android kuwa, jadx ne maganinsa.